Fitilar Cak Mai Dawowa: Kada a Bar Jaki a Daki Taiki

 Yau mun ɗan jingine maganar farashin gero da wake domin mu kawo muku wata magana wadda ta ci mana kuɗi mu da kanmu, kuma mun tabbata ta ci wa da yawa daga cikinku. Maganar kuwa ita ce ta 'yar fitilar nan mai launin ruwan ƙwai da ke kan dashbod, mai siffar inji, wadda makanikai ke kira cak. Ta kama a kashe ta, ta dawo. A sake sansa, ta kuma dawowa. Mai mota ya rasa inda zai sa kansa, dillali kuma ciniki ya lalace masa a hannu.

Abin da ya same mu

Muna da wata 'yar mota 'yar Kwatano wadda muke zagaya kasuwanni da ita muna ɗauko muku farashi, ran Alhamis Maigatari, ran Juma'a Wudil, sauran ranaku Dawanau da cikin gari. Wata Alhamis muna dawowa daga Maigatari, mun wuce Gumel kaɗan, sai fitilar ta kama. Mota kuwa ba ta sake tafiya ba, ba gargada ba hayaƙi. Da muka sami sarari muka kai ta wurin wani yaro a garejin unguwa. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba komai ba ne, ƙura ce." Ya cire kan batir, ya dakata kaɗan, ya mayar. Fitila ta mutu, muka ba shi na goro, muka tafi da murna. Bayan kwana biyu sai ga ta.

Daga nan muka je wurin mai kwamfuta. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lamba P0171, ya ce sansa ce ta mutu. Muka sayo tsohuwa 'yar Baljiyam aka ɗaura, aka share lambar. Mako bai cika ba fitila ta dawo. Muka koma, ya ce ai mun yi wa kanmu, araha ba ta ado, sai mu sayo sabuwa a kwali. Muka sayo. Ita ma ba ta hana komai ba. Ana cikin haka kuma, man da muka saba sha ya kai mu Maigatari ya dawo da mu har da saura, sai ga shi yana neman ƙarewa tun ba mu shigo gari ba. Kun kuwa san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayu na 2023.

Wani abokin cinikinmu mai sayar da buhuna shi ya kwatanta mana wani dattijo mai gyaran wayarin mota. Da muka gama ba shi labari sai ya yi murmushi, ya ce, "Alhaji, in mai gadi ya yi ihu ya ce ga ɓarawo, mai gadin ake kora? Kun kori masu gadi biyu, ɓarawo kuwa yana nan zaune cikin gida." Kafin mu faɗa muku inda ya kamo ɓarawon, sai mu fara bayanin aikin mai gadin, domin wanda ya gane wannan ba a ƙara yi masa wayo.

Aikin sansa

Injin fetur yana son awo daidai: kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. In iska ta yi yawa, haɗin ya tsinke. In mai ya yi yawa, haɗin ya yi kauri. A zamanin Fijo 504 kafireto ke yin wannan haɗi, bakanike ya saita shi da kunne da sukudireba. Motocin yanzu kuwa suna da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke auna man da nozul zai fesa. To ita ƙwaƙwalwar ba ta da ido cikin inji, sai ta ajiye ɗan rahoto a bakin salansa. Wannan ɗan rahoto shi ne sansar oksijin. Tana ɗanɗana hayaƙin da ya fito, ta ga ko akwai ragowar iskar da ba ta ƙone ba, ta aika da labari.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Irin ta gama-gari tana magana da ɗan ƙarfin lantarki wanda bai kai volt ɗaya ba: kusan 0.1 in haɗi ya tsinke, kusan 0.9 in ya yi kauri. Mai lafiya ba ta tsayawa wuri ɗaya, hawa da sauka take yi a kai a kai. Ba ta fara aiki sai ta yi zafin da ya kai digiri 300, shi ya sa aka sa mata hita a ciki domin ta yi saurin ɗumama.

Galibin motocin da ke hannunmu sansa biyu gare su a layi ɗaya. Ta farko tana gaban tukunyar tace hayaƙi, wadda kowa ya sani da suna indomi, ita ce ke faɗa wa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage. Ta biyu tana bayan indomin, babban aikinta shi ne ta shaida ko indomin tana tacewa. Mota mai silinda shida irin V6 layi biyu gare ta, saboda haka sau da yawa sansarta huɗu ce.

Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsari ɗaya na bayyana matsala, mai suna OBD2, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu da motocin fetur a 2001. Shi ya sa kowace mota 'yar Kwatano ta waɗannan shekaru take da soket mai baki 16 kusa da sitiyari, kuma da yawa daga cikin lambobin da take nunawa ma'anarsu ɗaya ko wane kamfani ya ƙera ta.

Dalilin da ya sa take dawowa

Cire kan batir ko share lamba da kwamfuta ba gyara ba ne, goge allo ne kawai. Ƙwaƙwalwar mota tana da gwaje-gwajen da take yi da kanta in ana tafiya, kuma yawancin matsalolin sansa ba ta kunna musu fitila sai ta gan su a tafiya biyu a jere. Wasu gwaje-gwajen ma ba ta yinsu sai inji ya yi zafi sosai an kuma miƙe hanya. Wannan shi ne sirrin kwana biyu ko mako gudan nan da mutum ke samu yana zaton an gyara. Haka kuma in an yi gyara na gaskiya, ko ba a share ba, fitilar tana mutuwa da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da an ga matsalar ba. Fitilar da ta dawo tana gaya maka abu ɗaya ne: ciwon yana nan.

Lambobin da ya kamata a riƙe

P0135 da P0141: hitar sansa ce ba ta aiki, ta farko ko ta biyu. Nan ma kafin a sayi sabuwa a duba fis, a duba waya ko ta taɓa salansa ta narke, ko ɓera ya ci, a duba soket ko ya yi tsatsa. In duk suna lafiya, mita kuma ta nuna hitar a yanke take, to sansa ta tafi.

P0133: sansar farko ta yi sanyin jiki, ba ta amsawa da sauri. Galibi tsufa ne ko guba. Sansa mai hita takan yi kilomita dubu 100 zuwa dubu 160, motocin da ke zuwa mana kuwa da yawa sun wuce haka tun a can.

P0171: haɗi ya tsinke. P0172: haɗi ya yi kauri. Waɗannan biyu rahoto ne sansa ta kawo, ba ƙararta aka kai ba. Mai jawo na farko shi ne iska ta ɓarauniyar hanya, ko famfon mai da ya yi rauni, ko nozul da ya toshe, ko ma'aunin iska na bakin filta da ƙurar hunturu ta rufe. Mai jawo na biyu kuwa nozul mai yoyo ne, ko filtar iska da ta toshe, ko injin da ba ya yin zafin da ya kamata.

P0420 da P0430: indomi ba ta tacewa, ko kuma babu ita sam.

Inda ɓarawo ya ɓuya

Dattijon nan bai tsaya kan lamba ba. Ya bar inji ya yi zafi, ya buɗe shafin na'ura inda ake ganin abin da mota ke yi a lokacin, ya nuna mana wani lissafi na yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa. Ya ce a mota mai lafiya ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Namu a silo ya haura kashi 20. Da aka taka totur aka riƙe, sai ya sauko. Ya ce, "Ka gani? Da famfon mai ne ya gaza, da in an taka abin ƙaruwa zai yi. Tun da raguwa ya yi, iska ce ke shigowa ta inda ba a gayyace ta ba." Ya kuma nuna mana sabuwar sansar tana hawa da sauka yadda ya kamata.

Ya bi tiyo-tiyon iska ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, bai sami tsaga ba. Sai ya ce mu bar motar ta kwana. Da sassafe, inji da sanyinsa, aka tayar, ya sa yaronsa ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma, shi kuma ya kasa kunne a gaba. Sai ga wata 'yar ƙara, tsit-tsit-tsit. A mahaɗar salansa da inji, tazarar yatsu kaɗan kafin sansar farko, gaskit ya ƙone, ga baƙin hayaƙi ya yi zane a jikin ƙarfe. Ta wannan kafa iskar waje ke kutsawa, sansa ta ɗanɗana ta ce haɗi ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗura man da inji ba ya bukata. Sansa gaskiya ta faɗa a kan abin da ta gani. Kuɗin gaskit da na aiki ba su kai rubu'in abin da muka kashe a sansa biyu ba. Muka fito da tsohuwar tamu ta asali daga but aka gwada, lafiyarta lau. Tun daga ranar fitila ba ta ƙara kamawa ba, shan mai kuma ya koma yadda muka san shi.

Abubuwan da ke kashe sansa

Akwai kuma wanda sansarsa ke mutuwa da gaske, ya sa sabuwa, bayan 'yan watanni ita ma ta bi. Wannan guba ce ke cin ta, sai a nemi mafarinta. Injin da ke shan baƙin mai yana shafe bakinta da toka. Gaskit ɗin kan inji in ya ƙone, ruwan lagireto yana bi ta hayaƙi ya lalata ta. Gam ɗin silikon da wasu ke laftawa a madadin gaskit, in ba irin wanda aka yi domin inji mai sansa ba ne, tururinsa yana rufe ta da farin gari. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana tura ɗanyen mai cikin salansa. A da akwai fetur mai dalma, babban makashin sansa da indomi, amma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina shi tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Abin da ya rage mana shi ne gurɓataccen mai. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, motoci suka yi ta lalacewa. Man bakin titi da aka sirka da kalanzir shi ma haka.

Sai al'adar nan ta cire tamosta wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa tamosta yana daɗewa bai kai zafinsa ba, musamman da hunturu, ƙwaƙwalwa kuwa muddin tana ganin inji da sanyi ƙara mai take yi. Mai ya tafi a banza, sansa ta yi baƙi, fitila ta kama. Wanke sansa da fetur kuma, wanda ake yawan yi a gareji, yana iya cire baƙin waje amma ba ya tayar da wadda guba ta riga ta ci.

Ga mai zuwa sayen sansa

In bincike ya tabbatar ita ce, ko Ƙofar Ruwa ka nufa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Ikko, ka riƙe tsohuwar a hannu, a gwada lambar jikinta da yawan wayoyinta da siffar soket. Ta gaba da ta baya ba lalle su zama iri ɗaya ba ko da haƙoransu sun hau. Motocin Toyota da Honda da yawa suna amfani da wata irin sansa a gaba wadda ke auna haɗin daki-daki, lissafinta daban ne da na gama-gari. In aka ɗaura mata ta gama-gari, fitila ba za ta mutu ba har abada. A mota mai V6 kuma a tabbatar wane layi lambar ke nufi, domin mun sha ganin an cire mai lafiya an bar matacciya. Denso da NTK da Bosch su ne sanannun masu ƙera ta, amma kwali ba shaida ba ne, jabu ta cika kasuwa. Ka sayi a wurin wanda ka sani, da sharaɗin in ba ta yi ba za a mayar. Kada ka yarda a yanke waya a murɗa a naɗe da salatif. Sifana mai lamba 22 ke kwance ta, a yi a hankali kada haƙori ya cinye.

Ga dillalai da masu sayen mota

Nan ne maganar ta fi shafar aljihu. Mota mai fitila a kunne tayinta faɗuwa yake, saboda haka akwai masu share lamba da safen ranar da za a kai ta kasuwa, akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Ga yadda za ka kare kanka daga cinikin biri a sama.

Na farko, murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar cak ta kama tare da 'yan'uwanta, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an yi mata aiki.

Na biyu, ka zo da naka mai kwamfuta, kada ka dogara da na mai mota. Kada ya tsaya ga cewa babu lamba. Ya duba shafin gwaje-gwajen nan da ƙwaƙwalwa ke yi. In aka share lamba ko aka cire batir, duk suna komawa matsayin ba a kammala ba. Motar da aka ce kullum ana hawanta amma gwajin sansa da na indomi ba su kammala ba, ka tambayi dalili. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun sharewar ƙarshe. Na Amurka daga ƙirar 2010 zuwa sama kuma suna ajiye wata lamba wadda na'ura ba ta iya gogewa, sai mota ta tabbatar da kanta an gyara.

Na uku, a leƙa ƙarƙashi. Indomi tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farke tukunyar a kwashe cikin a mayar da walda, wani lokaci tun a hanya kafin mota ta iso. Sabon ɗinkin walda a jikin tukunya abin tuhuma ne. Haka in ka ga an ƙara wani ɗan guntun ƙarfe tsakanin sansar baya da salansa, an sa shi ne domin a rufe mata baki. Motar da ba ta da indomi, ko sansa goma ka saya P0420 tana nan. A cire kuɗin indomi daga farashi tun kafin a sallama.

Na huɗu, a hau ta a miƙe hanya har inji ya yi zafi, a kashe, a sake tayarwa, a kuma zagayawa.

Ku kuma 'yan'uwanmu dillalai, jarin dillali sunansa. La'adar mota ɗaya ba ta kai a ce gobe Alhaji wane ya dawo da mota bayan kwana uku yana nuna ka da yatsa a gaban jama'a ba. In da fitila, ka faɗa, ka kawo lambar a rubuce, ka ce ga abin da aka gano ga kuma kimanin kuɗin gyara. Mai saye ya fi sakin jiki da wanda ya nuna masa aibin kaya da kansa, kuma shi ne zai kawo maka ɗan'uwansa baɗi.

Gargaɗi ga direbobi

In fitilar ta kama ta tsaya cak, mota kuma tana tafiya daidai, kana iya ƙarasawa da kayanka ka sauke, amma kada a ɗauki makonni. In kuwa tana ƙiftawa, inji yana karkarwa, wannan wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur yana zuba cikin indomi yana dafa ta. Rage gudu, nemi wuri ka tsaya. Kuɗin fulogi ko kwayil kaɗan ne a kan kuɗin indomi. Kada kuma a haɗa ta da jar fitilar baƙin mai ko ta zafin inji, waɗannan ba a ƙara ko taku ɗaya da su.

Kafin ka zaro kuɗin sansa, ka yi wa bakanike tambaya uku: wace lamba ce ta fito, me lissafin ƙarin mai ya nuna a silo da kuma in an taka, kuma an duba fis da waya da yoyon salansa da tiyon iska? Ka rubuta lambar a takarda da kwanan wata kafin a share, ka ajiye tsohuwar sansarka kada ka bar ta a gareji. Bakaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ji haushi kuwa, ka ɗauki motarka ka gwada gaba.